"Ku Yi Haƙuri a Gama Aiki Tukuna": To Sannan Sai Yaushe?

A arewacin Kamaru, daga Gawundare har Kusuri, da wuya ka sami sana'ar da muke ci da ita wadda ba ta da wa'adi a wuyanta. Mai masakwa, wato dawar rani da ake dasawa, 'yan makonni kawai gare shi tsakanin janyewar ruwa da bushewar fadama, wajen Satumba zuwa Oktoba. In ya yi sake ƙasa ta ƙeƙashe ta tsattsage, dashen bana ya wuce shi. Mai auduga yana jiran ranar awon da aka yanka wa ƙauyensu, motar kamfani kuwa ba ta kwana don wani. Mai albasa a Meskin ko Gazawa ya san zafin Maris ba ya ɗaga wa buhu ƙafa. Mai shanun da za a loda a jirgin ƙasa a Gawundare ba shi ke sa lokacin tashi ba. Kuma babu ɗaya cikin ayyukan nan da mutum ke yi shi kaɗai: ko gayya, ko ƙungiya, ko haɗin mota, ko 'yan ƙodago. To a daidai wannan gaɓa, rana ta take, ciki ba komai, jarin kowa na ƙasa a zube, a nan ne wane ke tuna maganar da wane ya yaɓa masa bara.

Abin da muka tashi muka tarar shi ne babba ya ɗaga hannu ya ce, "Haba jama'a, ku ji tsoron Allah, ku yi haƙuri a gama aiki tukuna. Harshe da haƙori ma sukan saɓa." Sai kowa ya yi tsit, a koma bakin aiki, a ce an yi sulhu.

Ni a ganina rabin wannan magana daidai ne, rabin kuma shi ke kashe mana ƙungiyoyi. Daidai ne kada a ajiye lodi a kafa shari'a a gindin mota. Amma zaman da aka ce za a yi bayan aiki ba a taɓa yin sa. Mota na ɗagawa kowa zai kama gabansa. Wanda ya ba da haƙuri ya manta kafin magariba. Wanda aka ba haƙurin shi ba ya mantawa. Kuma ku lura da wanda ake juyawa a kalla idan ana ba da haƙurin nan. Ba Alhaji mai buhu ɗari biyu ba ne. Yaro ne, ko mai buhu goma sha biyar, ko baƙon da ya zo cin rani, ko mace ɗaya tilo da ke cikin kwamiti. Ƙarami ya haɗiye, babba ya wuce da abinsa, sai mu kira wannan zaman lafiya.

Duk rigimar da ta ɓarke a tsakiyar aikin gaggawa abu biyu ne a cakuɗe: me za a yi yanzu-yanzu, da kuma wa ya ci haƙƙin wa. Na farko mutum ɗaya ya kamata ya yanke shi nan take, a gaban kowa, ko da bai yi wa wani daɗi ba. Na biyu a ɗaga shi, amma a faɗi rana, a faɗi wuri, a faɗi wanda zai zauna. Rigimar da aka ɗaga bashi ce, kuma bashin da ba a sa wa rana ba kowa ya san yadda yake ƙarewa.

Na taɓa ganin an yi wannan yadda ya kamata a wani wurin lodin albasa a bayan Marwa. Mutum biyar ne suka haɗa tirela zuwa Duwala, domin ba mai kayan cika ta shi kaɗai. Kowa ya sa wa buhunansa alama da fenti. Wanda bai san harkar ba zai zaci lodi lodi ne, amma ba haka ba ne. Buhun da ya shiga ƙasa shi ke ɗauke da nauyin duk na samansa, shi ke shan zafin ƙarfe ba iska, na tafiyar da ta haura kilomita 1,000, kwana da kwanaki. Na can sama kuma shi ke shan rana, in an gangara kudu ruwa ya tsiyayo ta tampol ya same shi. Tsakiya ita ce gidan sarauta, kowa ita yake so. 'Yan dako sun riga sun jera sahu biyu sai ƙaraminsu, wani saurayi da bai daɗe da fara fatauci ba, ya leƙa ya ga jan fentinsa ne a ƙasa. Ya daka wa ɗan dako tsawa ya ce a sauke. Babban cikinsu, dattijo mai rabin kayan motar, ya taso daga kan tabarma.

"Kai yaro, ni za ka koya wa lodi? Mahaifinka ma a hannuna ya san albasa."

"Baba Alhaji, ba raini ba ne. Lodi uku ke nan a jere kayana ne a ƙasa. Wancan karon buhu shida na zubar a Duwala."

"To ni na ruɓar maka da su?"

Kafin ka ce kwabo an bar zancen albasa an koma zancen tarbiyya. Wannan ya ce yaran yanzu ba kunya, wancan ya ce ai manyan ne ba adalci. 'Yan dako suka sami inuwa suka zauna, su dai ko an yi ko an fasa a buhu ake biyansu. Direba yana ta duba waya yana tsaki, shi so yake ya kwana Garwa.

Wani tsohon direba da ya ajiye tuƙi, wanda ke riƙe da littafin lodi a wurin, shi ya raba. Bai fara da wa'azi ba. Ya tambayi direba ƙarfe nawa ne ƙarshen tashinsa, aka ce la'asar sakaliya. Sai ya ce sahu biyun da aka jera ba za a sauke ba, don saukewa da sake jerawa zai ci awa guda da ƙarin kuɗin dako. Ragowar kayan saurayin duk su shiga tsakiya. Lodi mai zuwa kayan Alhaji ne a ƙasa, daga nan a riƙa zagayawa, ya kuma rubuta a littafi kowa na gani. Sannan ya ce, "Maganganun da aka faɗa kuwa ban ce sun wuce ba. Juma'a bayan an sauko, a zaurena. Alhaji, ina roƙon arziki ka zo. Kai ma ɗana ka zo." Duk abin bai kai minti goma ba. Alhaji ya koma tabarmarsa yana gunaguni, saurayin ma fuska ba walwala, amma buhu ya ci gaba da hawa.

An yi zaman na Juma'a, kuma ba wani zama mai daɗi ba ne. Saurayin ya durƙusa ya ba da haƙurin ɗaga murya. Alhaji bai ce ya yi kuskure ba. Manyanmu ba sa furta wannan, sai dai ka ga goro ya iso gidanka, ko ka tarar an biya maka kuɗin dako ba a gaya maka ba. Amma ya saurari lissafin buhu shida har ƙarshe bai katse ba, a gaban mutane, kuma zagayen da aka rubuta ya tsaya.

Abin da nake so a duba a labarin nan shi ne yadda maganar wuri a cikin mota ta rikiɗe ta zama maganar raini cikin numfashi biyu. Haka akasarin rigingimunmu na wurin aiki suke. Muna cewa "jininsu ne bai haɗu ba," ko "wane ba ya da hali," alhali in ka tona za ka tarar rabo ne, ko layi, ko kuɗi, da ba a taɓa zama an tsara ba. Hali yana da wuyar gyara a rana ɗaya. Layi kuwa da biro da takarda ake gyara shi.

Ƙasar auduga ta fi ko'ina nuna wannan. Tun da aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON a 1974, da hedikwata a Garwa, noman auduga a arewa ya ginu a kan bashin taki da maganin feshi, a cire idan an sayar. Daga baya, musamman bayan dokar 1992 da ta ba da damar kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa da ake kira GIC, manoma suka karɓi aikin awo da kansu, kuma aka tsara su rukuni-rukuni suna tsaya wa juna: in ɗaya ya gaza biya, a cire daga kuɗin 'yan rukuninsa. Tsarin yana da hujjarsa, don ba don shi ba wa zai ba talaka taki ba jingina? Amma ku je kasuwar auduga ranar awo ku ji. Ana ɗora ƙunshi a sikeli, ana gardamar wannan lamba ɗaya ce ko lamba biyu, sai a gano wane ya juye takinsa a gonar masara, ko ya sayar da shi a kasuwa tun Yuli, audugarsa ba za ta rufe bashinsa ba. Nan take sai zagi, sai tone-tonen asali, mota na tsaye, masu tattakewa na jira. Sai delege, wato wakilin ƙungiyar manoma, ya ce a yi haƙuri a gama awo.

To ai wannan rigima ba ta ranar awo ba ce. Ta watan Mayu ce, ranar da ake rubuta sunayen rukuni, kowa ya san halin mutumin, amma ba wanda ya iya buɗe baki domin surukin wane ne, ko ƙanin liman. Lokacin da muke da sukunin faɗa wa juna gaskiya, kara da kunya suka hana mu. Da abin ya fashe kuma sai mu ce ba lokaci. Na fi son a ɓata a watan Mayu a ƙarƙashin bishiya, ana shan shayi, da a ɓata a Disamba a gaban sikeli.

Masu kallon ƙwallo ma sun ga irin wannan da idonsu. A 2014 'yan wasan Kamaru sun ƙi hawa jirgi zuwa gasar cin kofin duniya a Burazil a kan lokaci saboda taƙaddamar kuɗin alawus, abin da ya kamata a ce an kashe tun watanni kafin nan. Aka lallaɓa aka tafi. A wasa da Kuroshiya aka sha 4 da nema, Alex Song ya karɓi jan kati, kuma dab da tashi duniya na kallo Assou-Ekotto ya kai wa abokin wasansa Moukandjo karo da ka. Wasa uku, ba maki ko ɗaya. A Katar kuma a 2022, da saɓani ya shiga tsakanin koci Rigobert Song da mai tsaron gida André Onana, koci ya ajiye shi kafin wasa da Sabiya. Har nan ban ga laifin Song ba: wasa na gobe, dole murya ɗaya ta yanke, kuma shi aka ba wuƙa da nama. An yi 3 da 3 da Sabiya, sannan ɗan Garwa Vincent Aboubakar ya ci Burazil. Inda nake da ja shi ne da aka haɗa hukuncin fili da hukuncin ladabtarwa a dare ɗaya, har yaron ya bar sansani ana tsakiyar gasa, ya sanar da barin buga wa ƙasa a Disamba, sai a 2023 aka lallaso shi ya dawo. Wanda zai tsaya a raga gobe, wannan na gaggawa ne. Wa ya yi wa wani rashin kunya, wannan zai iya jira a dawo Yawunde.

Akwai dai lokacin da da gaske babu ko minti goman. A Oktoban 2022, da kogunan Shari da Lagon suka cika suka haɗu a kan Injamena, ruwa ya ci unguwanni irin su Waliya da Tukra, gwamnatin Cadi ta kafa dokar ta-ɓaci, matasa na kwana cika buhunan ƙasa suna tare ruwa, haka ma a Kusuri a ƙetaren kogi. A irin wannan dare in mutum biyu suka saɓa a kan inda za a jera buhu, ba a neman ra'ayin kowa da kowa. Wanda aka sa gaba ya faɗa, a bi, ko da kana ganin naka ya fi. Wanda ya sauka a nan ba shi ne ya faɗi ba. Malaman tarihi sun kawo cewa a yaƙin Zatus Salasil, shekara ta 8 bayan hijira, Abu Ubaida ya iso da ɗauki ya tarar da Amru ɗan Asi, aka sami saɓani a kan wa zai ja ragama. Abu Ubaida, wanda ya riga shi musulunta da shekaru masu yawa, ya bar masa, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa wasiyya kada su saɓa. Shi ya sa ma aka ce in mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗaya shugaba. Tun kafin a fita, ba sai an kai mararraba ba.

Sai dai mu faɗi gaskiya, sau nawa muke cikin ambaliya? Yawancin "ba lokaci" da muke ji sanda ce a hannun mai ƙarfi. Wanda tsarin da ake kai ya yi masa daɗi shi ne kullum ya fi kowa sauri. Shi ya sa tambayar da tsohon direban nan ya fara da ita ta burge ni: ƙarfe nawa ne ƙarshen tashi? Da zarar an faɗi lokacin a fili, sai a ga ashe akwai awa biyu, kuma abin da ake gudun tattaunawa minti goma yake buƙata. Ka'abu ɗan Malik ya taɓa bin wani sahabi bashi a masallaci har muryoyinsu suka tashi. Manzon Allah ya ɗaga labulen ɗakinsa, ya yi masa nuni da hannu ya yafe rabi, ya ce ya yafe, sai ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Ba a ce su yi shiru don ana masallaci ba. An taɓa kuɗin da kansa, kowa ya saki wani abu, aka tashi.

Kuma wanda yake ganin ya ceci lokaci da ya danne magana, bai iya lissafi ba. Mutumin da aka rufe wa baki ba ya barin aiki, hannunsa ne ke yin sanyi. A dashen masakwa ɗaya ke gaba da turmin icce mai tsini yana huda ƙasa, na baya na zuba ruwa a ramin yana sa dashe biyu. In mai hudar nan ransa a ɓace yake, ramin ba zai yi zurfi ba. In mai ruwa ne, zai riƙa ɗiga rabin abin da ya kamata. Ba mai kama shi, layi ya miƙe, gona ta yi kyau a ido. Sai bayan mako biyu ka zo ka ga sahu guda ya bushe, lokacin kuwa ƙasa ta rufe, iri ya ƙare a gadon reno. Ba mugunta ce yake yi da gangan ba sau da yawa. Zuciyar da ba ta wurin ce.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce zaman Juma'a tone-tone ne, abin da ya wuce a bar shi ya wuce. Akwai gaskiya a ciki: wata rigimar yunwa ce da rana kawai, ana cin tuwo a sha ruwa ta mutu, gobe ka ga mutanen biyu a kan babur ɗaya. To in haka ne me aka rasa? Su zo zaure su ce "wallahi ba komai," a yi fatiha a sha shayi a watse. Abin da ban yarda da shi ba shi ne 'yan kallo su yanke cewa ya wuce. Wanda aka cuta shi ke da wannan kalma. Addinin da muke fakewa da shi wajen ba da haƙuri ma ai bai bar abin sakaka ba: ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, wannan hujjar ɗagawa ce, ya kuma hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, wannan kuma wa'adi ne. Mu sai muka riƙe ta farko muka saki ta biyu. Masu cewa rubuta zagaye ko rabon kuɗi rashin yarda ne tsakanin 'yan'uwa, su tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Wani abu kuma da ya shafe mu musamman, mu Hausawan wannan yanki: da wuya ka sami ayarin aiki da Hausawa zalla. Akwai Bafillace, akwai Babarbare, Bashuwa, Musgum, Tupuri, Giziga, Mundang. A Marwa da Garwa da Fillanci ake aiki, a Kusuri da Injamena da Larabcin Shuwa. Ana cikin cacar baki sai ka ga biyu daga cikinmu sun juya harshe sun koma Hausa, wataƙila ma cewa suke "rabu da shi, mu gama mu tafi." Amma na ukun da ba ya ji, me zai zata? Hukuncin da za a yanke a bakin aiki a yanke shi da harshen da kowa ke ji, da ƙarfi, ba a gefe ba. Rigimar mutum biyu a nan ba ta daɗewa take sa rigar ƙabila. Mun ga abin da ya faru a yankin Lagon-Birni a 2021: faɗan makiyaya da masunta a kan ruwa ya tashi a Agusta, aka kwantar, ya sake tashi a Disamba har ya iso cikin Kusuri, mutum sama da 80,000 suka tsallaka Cadi. Ban ce rigimar gindin mota ɗaya take da wannan ba, amma mutanen da suka ga wancan bai kamata su riƙa wasa da ƙananan ba.

Inda abin ya fi wuya, kuma inda ƙungiyoyinmu suka fi faɗuwa, shi ne idan shugaban da kansa yana cikin rigimar. Delege ne ƙaninsa ya cinye taki. Mai gayya ne ya zagi ɗan ƙodago. A nan "murya ɗaya ta yanke" sai ta zama zalunci da hatimi. Shugaba na iya ci gaba da cewa a ɗora wannan a sauke wancan, amma ba shi zai ce wa ke da gaskiya ba, ba kuma a zaurensa za a zauna ba. Dole a sami wani da aka ambata tun a taron farkon kaka, kowa ya ce ya yarda da shi tun ba a san wa zai fara buƙatarsa ba. Mukan zaɓi shugaba, da ma'aji, da magatakarda, har da mai kiran taro, amma wannan kujera ba ma cika ta. Kuma ba lallai ne ya zama wanda ya fi kowa kuɗi ko shekaru ba. A wurin lodin albasa dillali ba zai iya ba, don la'adarsa ta fi tsoka a wajen Alhaji. A rukunin auduga mai sikeli ba zai iya ba, don da shi ake gardamar. A nemi wanda ba shi da buhu a motar, ba shi da ƙunshi a layin, wanda kuma zai iya duban dattijo ya ce masa cikin ladabi lodi mai zuwa kayansa ne a ƙasa.